Tambayoyi da Amsoshi a Kan Jita: Ire-irenta da Yadda Take Fitar da Sauti

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu shirin fara koyon jita, da iyayen da yaro ya matsa wa lamba a saya masa, har da waɗanda suka daɗe suna kaɗawa amma ba su taɓa leƙa cikin akwatin ba. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Daga ina sautin jita yake fitowa, daga tsirkiya ko daga akwati?

Motsin daga tsirkiya yake farawa, amma abin da kunnenka yake ji akasari daga katakon fuskar jita yake zuwa. Tsirkiya siririya ce ƙwarai. Idan ta kaɗa, ratsa iska kawai take yi, ba ta iya tura ta da yawa. Ka ɗaure waya tsakanin ƙusoshi biyu a jikin bangon siminti ka taɓa ta, da kyar na kusa da kai zai ji.

A jita, tsirkiyoyin sun hau kan wani ɗan katako da aka manne a fuskar akwatin, irin wanda makaɗan goge suke kira jaki. Duk kaɗawar da tsirkiya ta yi, jakin nan yana miƙa ta ga fuskar. Ita kuma fuskar tana da faɗi, ga ta da rashin kauri, ba ta cika wuce milimita 3 ba, sai ta riƙa shiga da fita tana tura iska mai yawa. Akwatin bai ƙara wa tsirkiyar ƙarfi ko kaɗan ba, ƙarfin da yatsanka ya ba ta ne yake juyawa zuwa sauti. Wanda ya gane wannan ya gama da rabin tambayoyin da ke ƙasa, domin kowace irin jita dabara ce ta sa a ji motsin tsirkiya: wata da katako, wata da faifan ƙarfe, wata da maganaɗisu.

Me ya sa wata tsirkiyar take da murya mai kauri, wata siririya?

Abu uku ne: tsawo, ɗaurewa da nauyi. Doguwar tsirkiya mai nauyi wadda ba a ja ta sosai ba tana kaɗawa a hankali, muryarta ta yi kauri. Gajera mara nauyi da aka ɗaure tamau tana kaɗawa da sauri, muryar ta sirance. Da yake tsirkiyoyin jita shida kusan tsawonsu ɗaya, sai aka bambanta su ta nauyi. Shi ya sa ake naɗe masu kaurin murya da wata siririyar waya.

A saitin da aka saba, wato E, A, D, G, B, E (sunayen sautin tsirkiyoyin shida daga mafi kauri zuwa mafi siranta), tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya, ta kusa da ita sau 110, mafi siranta kuma kusan sau 330. Kuma tsirkiya ba motsi ɗaya take yi ba. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, a lokaci guda kuma rabi-rabinta da kashi uku-ukunta suna tasu kaɗawar, kowanne da tasa siririyar murya a kan babbar. Cakuɗuwar waɗannan muryoyi ce take bambanta jita da fiyano ko da sauti ɗaya suka buga. Gwada da kanka: taɓa tsirkiya dab da jaki za ka ji sautin ya yi kaifi, ka matso wajen wuya za ka ji ya yi laushi.

Mene ne amfanin layukan ƙarfen da ke kan wuya, kuma don me suke matsewa?

Su ne firet. Idan ka danne tsirkiya a bayan ɗaya daga cikinsu ka rage tsawon ɓangaren da ke kaɗawa, muryar ta ƙara siranta. Kowane firet yana yanke kusan kashi 5.6 cikin 100 na tsawon da ya saura, to da yake abin da ya saura raguwa yake yi, dole tazarar ta riƙa matsewa. A jitar da tsawon tsirkiyarta ya kai milimita 650, firet na farko yana nisan kusan milimita 36 da rabi daga kai. Na 12 kuwa a tsakiya yake, inda kaɗawar take ninkawa biyu. Wannan ma hanya ce ta gwada jita a kasuwa. Idan sautin da ka danne a firet na 12 bai zama daidai ninkin na tsirkiyar a sake ba, akwai gyara a jaki ko a wuya.

Ramin da ke tsakiya, ta nan ne sautin yake fita?

Wani ɓangare kawai. Yawancin sautin daga fuskar katakon yake tashi, kamar yadda amsar farko ta nuna. Aikin ramin ya fi shafar muryoyi masu kauri. Iskar da ke cikin akwati tana matsuwa tana saki, tana shiga da fita ta ramin, irin abin da ke faruwa idan ka hura bakin kwalba ka ji ta yi gunji. A yawancin jitoci wannan numfashi yana faɗawa wajen sau 100 a daƙiƙa, kusa da muryar tsirkiyoyi biyu mafi kauri, don haka yake ƙara musu cika. Rufe ramin da kwali ka kaɗa, za ka ji jitar tana nan da muryarta amma kaurin ya ragu.

To jita iri nawa ce?

Gida biyu ne manya. Akwai ta akwati, wadda ake ji ba tare da wuta ba, akwai ta lantarki, wadda sai an jona ta da amfilifaya. A gidan akwati akwai mai tsirkiyar nailan da mai tsirkiyar ƙarfe, sai mai tsirkiya 12 da mai faifan ƙarfe a ciki. A gidan lantarki akwai mai jikin katako cur, da mai rami a ciki, da bes. Amsoshin da ke biye sun ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne bambancin mai tsirkiyar nailan da mai ta ƙarfe? Zan iya musanya tsirkiyoyin?

Mai nailan ita ce jitar Sifaniya ta asali. Wuyanta ya fi faɗi, muryarta tana da laushi da zurfi, kuma da yatsu ake kaɗa ta. A da da hanjin tumaki ake yin tsirkiyarta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Albert Augustine ya fitar da ta nailan a New York, tare da goyon bayan shahararren makaɗin nan Andrés Segovia. Jitar filamenko 'yar'uwarta ce ta kusa, sai dai ta fi sauƙin nauyi, tsirkiyoyinta sun fi kwanciya kusa da wuya, kuma an manna mata kariya a fuska saboda ƙwanƙwasawar da makaɗa suke yi da yatsa. Mai tsirkiyar ƙarfe kuwa a Amurka ta girma. Ta fi ƙara da kaifi, wuyanta ya fi siranta, kuma ita ce aka fi gani a hannun mawaƙa masu raka muryarsu da jita.

Batun musanya, kada ka sa tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan fuskar jita da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, na nailan kuwa kusan rabin haka. Jitar nailan ba a gina ta don wannan nauyi ba: jaki zai ɓanɓaro, fuska ta kumbura, wuya ya lanƙwashe. Abin takaici ne yawan jitoci masu kyau da suka lalace ta wannan hanya don kawai tsirkiyar ƙarfe ce aka samu a shago. Sa nailan a jitar ƙarfe ba ya ɓarna, amma sautin zai fito a raunane, domin ba ta da ƙarfin motsa fuskar da aka tokare don ƙarfe.

Me ke cikin akwatin da ya hana fuskar karyewa?

Sa madubi da tocila ta ramin, za ka ga ƙananan sanduna an manne su a bayan fuskar. A nan gwanintar maƙeri take. Yana son fuska mara nauyi don ta motsa da sauƙi, yana kuma son mai ƙarfi don ta jure jan tsirkiya shekara da shekaru. Idan tokaren ya yi yawa jitar ta zama bebiya, idan ya yi kaɗan ta lotsa.

Antonio de Torres, maƙerin Almeriya da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, shi ya daidaita siffar jitar nailan da muke gani yau. Ya faɗaɗa akwatin, ya rage kaurin fuskar, ya jera siraran sanduna a ƙarƙashinta a bazu daga wajen rami zuwa gindi. A 1862 ya ƙera wata jita mai fuskar katako mai kyau, amma baya da gefe na takarda da aka manne, kuma ana kawo ta a matsayin hujjar cewa fuska ce uwar sauti. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A Amurka kuma, C. F. Martin, Bajamushen da ya isa New York a 1833, kamfaninsa ne ya yaɗa tokare mai gicciye kamar harafin X. Da tsirkiyar ƙarfe ta zama ruwan dare a ƙarni na 20, sai aka ga wannan tokare yana ɗaukar nauyinta. Babban akwatin nan mai faɗin ƙugu da ya cika shagunan kayan kiɗa, kamfanin Martin ne ya fara fitar da shi da sunansa a 1931.

Jitar lantarki ba ta da akwati, ta yaya take yin sauti?

A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai fikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubu bakwai ko takwas a irin na kamfanin Fender. Maganaɗisun yana shafar tsirkiyar ƙarfen da ke samansa. Idan ta kaɗa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin wayar, wannan motsi kuma ya haifar da 'yar ƙaramar wuta mai hawa da sauka daidai da kaɗawar tsirkiyar. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ce a 1831, wadda janareta ma da ita yake aiki. Wutar ba ta kai ta motsa lasifika ba, sai amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi.

Ka lura cewa fikof ba makirufo ba ne, motsin ƙarfe yake ɗauka ba sautin iska ba. Shi ya sa tsirkiyar nailan ba ta aiki a kansa. Wurin da aka dasa shi ma yana da tasiri, saboda dalilin da aka bayyana a amsar kaurin murya: na kusa da jaki yana ba da sauti mai kaifi, na kusa da wuya mai taushi, makunnin da ke jikin jitar kuma zaɓa maka yake yi tsakaninsu. George Beauchamp da Adolph Rickenbacker ne suka fara sayar da irin wannan jita a 1932. Telecaster ta Leo Fender ta samu sunanta a 1951, Les Paul ta kamfanin Gibson ta fito a 1952, Stratocaster ta Fender a 1954, kuma har yau jitocin lantarki da yawa a kan siffar waɗannan ukun ake ƙera su.

Don me aka daina yi mata rami a ciki?

Jitocin lantarki na farko da makaɗan jaz suka riƙe, irin Gibson ES-150 ta 1936, akwati gare su. Matsalar ita ce idan an ƙure ƙara, sautin lasifika yana dawowa ya girgiza akwatin, akwatin ya girgiza tsirkiya, fikof ya sake ɗauka, sai kuwwa ta tashi ba ƙaƙƙautawa. Katako cur ba ya amsa lasifika haka. Ya kuma kawo wata riba: tunda jikin ba ya shanye ƙarfin tsirkiya don tura iska, tsirkiyar tana daɗewa tana kaɗawa, sautin ya yi tsawo. Jitar akwati tana kashe ƙarfinta da wuri don a ji ta, ta lantarki tana riƙe nata. A 1958 Gibson ya fitar da ES-335, mai rami a gefe biyu da katako cur a tsakiya, don masu son ɗumin akwati ba tare da kuwwar ba.

Me ke jawo gurnanin da nake ji a lasifika ko ban taɓa tsirkiya ba?

Naɗin wayar fikof yana kwaso har da tasirin wayoyin wutar ɗaki, da taransifoma, da wasu fitilu. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma wannan juyi ne kake ji. Fikof mai naɗi ɗaya ya fi fama da shi. Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, da maganaɗisu masu kallon saɓanin juna, ta yadda gurnanin ɗaya yake kashe na ɗayan amma sautin tsirkiya ya haɗu. An fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Muryarsa ta fi kauri da cika, ta mai naɗi ɗaya ta fi tsabta da kaifi. Kafin ka zargi jitarka, sauya kebul, ka matsa nesa da amfilifaya, ka kuma sa mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin yana da wayar ƙasa. Rashinta ba gurnani kaɗai yake jawowa ba, haɗari ne ga wanda hannunsa ke kan tsirkiyar ƙarfe.

Jitar akwati mai wurin jona waya fa, ta lantarki ce?

A'a, ta akwati ce da aka ƙara wa hanyar shiga lasifika. Yawanci akwai wani siririn abu a ƙarƙashin inda tsirkiyoyi suka hau jaki, wanda yake fitar da wuta idan an matsa shi. Da yake matsi yake ji ba maganaɗisu ba, yana aiki har da nailan. Akasari yana buƙatar batir mai ƙarfin bolt 9.

Bes, da mai tsirkiya 12, da mai faifan ƙarfe, me ya bambanta su?

Bes tsirkiya huɗu gare ta a bisa al'ada, masu kauri, tsawonsu wajen milimita 864. Mafi kaurinsu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin ta jita ke nan. Fender ya fitar da Precision Bass a 1951. Mai tsirkiya 12 kuwa shidan nan ne aka yi wa kowacce abokiya: huɗu masu kauri an haɗa su da sirara masu ninkin kaɗawarsu, biyun ƙarshe da irinsu. Da yake biyun ba sa taɓa daidaita ɗari bisa ɗari, sautin yana fitowa da wani ƙyalli kamar jita biyu ake kaɗawa tare. Tana da wuyar dannawa, ba ta ɗan koyo ba ce.

Mai faifan ƙarfe ta fito ne kafin amfilifaya ta wadata, lokacin da ƙahoni da ganguna suke danne muryar jita. John Dopyera ya ɗora jakin a kan siraran faifan alminiyam masu siffar mazurari, kamfanin National ya fara sayar da ita a 1927. Akwai kuma wadda ake kwantarwa a cinya ana goga mata sandar ƙarfe maimakon danna firet, salon da ya fito daga tsibirin Hawayi. Jikanyarta mai feda ce ta shiga kiɗan juju na King Sunny Ade a ƙarshen shekarun 1970.

Irin katakon yana da tasiri, ko tallar 'yan kasuwa ce?

A jitar akwati yana da shi sosai, musamman fuska. Ana neman katako mara nauyi mai tauri, shi ya sa aka fi amfani da itatuwan ƙasashen sanyi irin sifurus da sida. Abin da ya fi sunan itacen muhimmanci ga mai saye shi ne ko fuskar katako ɗaya ce, ko falle-falle aka manne kamar filawud. Ta katako ɗaya ta fi amsawa, ta falle-falle ta fi arha da jure wahala. Baya da gefe tasirinsu bai kai haka ba, kamar yadda jitar Torres ta nuna. A jitar lantarki mai jiki cur, ra'ayina shi ne fikof, tsirkiya, amfilifaya da hannun makaɗi sun fi katako nesa ba kusa ba, kuma bai kamata ɗan koyo ya biya kuɗi mai yawa saboda sunan itace ba.

Wani abin sha'awa, Afirka tana cikin jitocin duniya da yawa. Mahoganin Afirka da ake yin baya da wuya da shi ɗan gidan maɗaci ne. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a kan wuya kuma ɗan'uwan kanya ne, mai yawansa daga Kamaru yake fita, inda kamfanin Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011.

Jita tana da dangantaka da gurmi, molo ko kuntigi?

Ƙa'idar ɗaya ce: tsirkiya, jaki, da shimfiɗa mai tura iska. Bambancin shi ne namu fata ce shimfiɗarsu, a kan ƙoƙo ko sassaƙaƙƙen itace, ko gwangwani a kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos. Fata ta fi katako sauƙin nauyi, tana karɓe ƙarfin tsirkiya nan take, don haka sautin yake fitowa da kaifi ya mutu da wuri. Ba su da firet kuma, yatsa yana iya sauka ko'ina. Ta fuskar asali, banjon Amurka ne ya fito daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma masu fata. Jita mai tsirkiya shida a Sifaniya da Italiya ta samu siffarta wajen ƙarshen ƙarni na 18.

Amma ta zama 'yar gida a Sahara. Abzinawa sun ɗauke ta sun ɗora mata salon kiɗansu, tsirkiya mai kauri tana riƙe da murya ɗaya sirara suna yawo a kanta. Ƙungiyar Tinariwen ta arewacin Mali ta ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadas da Mdou Moctar kuma sun zagaya duniya da jitar lantarki. Mdou, wanda bahago ne, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Jitata ta tsage da hunturu, me ya faru?

Bushewa ce. Maƙeran jita suna ba da shawarar danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali da hunturu a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da 20. Katako yana tsukewa ta faɗinsa, sandunan da aka manne masa a gicciye kuma sun hana shi motsi, sai ya tsage. Alamun farko su ne bakin firet ya fara yankar hannu, fuska ta ɗan lotsa, tsirkiya ta fara taɓa firet tana zuza. Mai fuskar katako ɗaya, wato mai tsadar, ita ta fi shiga haɗari.

Ajiye ta cikin jakarta a rufe, tare da ɗan soso mai laima da aka matse sosai a cikin robar sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon. Kada ka bar ta cikin mota a rana, zafi yana sassauta gam. Da damina kuma cire soson, ka riƙa goge tsirkiyoyi bayan kiɗa saboda tsatsa.

Da wacce ya kamata in fara?

Da wadda take fitar da sautin da ya ja ka zuwa jita. Maganar cewa dole sai an fara da ta akwati ba ta da tushe. Ta lantarki ma ta fi sauƙin dannawa saboda tsirkiyoyinta sirara ne, sai dai tana buƙatar amfilifaya da wuta. Nailan ta fi tausaya wa yatsu, amma faɗin wuyanta yana wahalar da ƙaramin hannu, don haka yaro a nema masa mai girman kashi uku cikin huɗu. Mai tsirkiyar ƙarfe za ta ci maka yatsu makonnin farko kafin kanta ta fito.

Kowacce ka zaɓa, duba tazarar tsirkiya da firet na 12. Idan ta wuce milimita 3 sosai a jitar ƙarfe ko ta lantarki, ko 4 a ta nailan, za ta gajiyar da kai. Kalli wuyan daga kai zuwa jaki ka tabbata bai murɗe ba, ka danna kowane firet ka saurari zuza, ka duba ko gindin jaki ya fara ɗagawa. Idan da hali, tafi kasuwa da wanda ya iya kaɗawa, ka tsaya gabansa ka saurara, domin fuskar jita gaba take tura sautinta.